Kare a Ƙarƙashin Tebur: Yadda Gidajen Abinci na Frisco Suka Karɓi Sabon Baƙo

A garin Frisco, arewa da birnin Dalas a jihar Teksas ta Amurka, ba abin kallo ba ne mutum ya shigo gidan abinci riƙe da igiyar karensa. Zai samu wuri a farfajiyar waje ya zauna, karen ya kwanta ƙarƙashin tebur, mai sabis ya miƙa wa ubangidan takardar jerin abinci, ya ajiye wa karen kwanon ruwa. A wasu wuraren karen ma yana da nasa jerin. Kamfanin Lazy Dog, wanda ya faro daga Kalifoniya kuma yake da rassa a yankin Dalas, yana sayar da gasasshen nama da shinkafa domin karnuka kawai. Shake Shack na da biskit ɗinsu. A Starbucks kuwa, ko da yake ba a rubuta shi a allo ba, wanda ya roƙa ana ba shi ɗan kofin kirim ɗin madara ya miƙa wa karensa.

Mu da muka san kare a bakin zaure, ko a dajin farauta, ko a bayan garken shanu, abu na farko da zai zo mana shi ne: ƙoshi ne ya yi musu yawa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ƙungiyar masu sana'ar kayan dabbobin gida ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2023 Amurkawa sun kashe dala biliyan 147 a kan dabbobin da suke ajiyewa a gida, kuma gidaje kusan miliyan 65 ne ke da kare. Gidajen da ke da kare sun fi gidajen da ke da yara ƙanana yawa. Amma kuɗi kaɗai bai bayyana dalilin da ya sa karen ya baro gida ya biyo mai shi har wurin cin abinci ba. Sai an dubi yadda aka gina garin.

A 1990 mutanen Frisco ba su wuce 6,000 da 'yan kai ba, gari ne na manoma da gonaki suka kewaye. Ƙidayar 2000 ta samu 33,714. Ta 2010 ta samu 116,989, ta 2020 kuma 200,509. Ƙungiyar ƙwallon Dallas Cowboys ta mayar da hedikwatarta can a 2016, kamfanin Toyota ya buɗe babban ofishinsa na Arewacin Amurka a Plano mai maƙwabtaka a 2017. Ma'ana, akasarin wanda ka gani a titi baƙo ne. Aiki ne ya kawo shi daga wata jiha ko wata ƙasa, ya baro iyaye da dangi da abokan ƙuruciya a nesa. Garin kuma na mota ne, ba ya ma cikin tsarin jiragen ƙasa da bas-bas na Dalas. Mutum zai fito daga garejinsa a mota, ya koma garejinsa a mota, ya yi wata bai san sunan maƙwabcinsa ba. Wanda ke da kare ne kaɗai dole ta sa yake taka ƙasa safe da yamma, domin kare ba ya jin uzuri.

Yawancin gidajen Frisco na iyali ne masu ɗan fili a baya. Sai dai a shekarun nan an yi ta gina wasu rukunai da suka haɗa benayen haya da ofisoshi da kantuna da gidajen abinci a wuri guda, irin su The Star a Frisco da Legacy West a Plano. Mazauna waɗannan benaye galibi matasa ne masu albashi mai kauri da ba su yi aure ba, ko sun yi ba su haihu ba tukuna. Ba su da tsakar gida. Karensu ya wuni a kulle a ɗaki, har kuɗin haya na musamman suke biya a kansa kowane wata. Idan irin wannan mutum ya taso daga aiki, zaɓi biyu gare shi: ya fita da karen, ko ya fita cin abinci ya sake kulle shi. Gidan abincin da ya ce masa "zo da shi" ya raba masa gardama, ya kuma samu kwastoma mai daɗewa a zaune yana ƙara odar abin sha. Farfajiyar ta zama musu abin da teburin mai shayi yake a unguwanninmu, wurin da baƙo ke fara sanin mutane. Bambancin shi ne a can ba a fara hira da gaisuwa, da tambayar sunan kare ake farawa.

Annobar korona ta ƙara wa abin mai. A 2020 aka taƙaita zama cikin gidajen abinci, masu su suka fitar da tebura waje, kuma ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta ASPCA ta ƙiyasta cewa gidaje kusan miliyan 23 ne suka ɗauki sabon kare ko kyanwa a wannan tsakani. Karnukan da suka tashi tare da masu su dare da rana ba su saba da zaman kaɗaici ba, masu su ma ba su saba da barinsu ba.

Doka ta riga annobar zuwa. Fulorida ce ta yi gaba a 2006, ta ba ƙananan hukumomi damar ƙyale karnuka a wuraren cin abinci na waje. Kalifoniya ta yi tata a 2014, Niyok a 2015. A Teksas, kafin 2019 kowane gari da nasa tsarin, wasu sai an nemi izini na musamman an biya kuɗi an jira masu duba tsafta. A shekarar ne Gwamna Greg Abbott ya sa hannu a dokar da Sanata Kelly Hancock ya gabatar, wadda ta daidaita abin a faɗin jihar. Sharuɗɗanta ba su da yawa. Mai gidan abinci zai kafa sanarwa a inda kowa zai gani cewa ana shigowa da karnuka. Karen zai shiga farfajiyar kai tsaye daga waje, ba zai ratsa ta cikin gini ba. Zai kasance a ɗaure, a hannun mai shi. Ba zai hau kujera ko tebur ba. Ba za a dafa ko haɗa abinci a wurin ba, kuma ba za a bar abinci a buɗe ba in ban da wanda aka kawo wa mai ci. Dokar ba ta tilasta wa kowa karɓar kare ba, ta dai hana hukumomin garuruwa ƙara wani sharaɗi da ya fi waɗannan tsauri. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta gyara kundin da jihohi ke koyi da shi, ta amince da karnuka a wuraren cin abinci na waje idan hukumar yankin ta yarda.

To ina maganar lafiya? A ganina wannan ce tambaya mafi sauƙi a cikin lamarin, ko da yake ita aka fi ɗaga murya a kai. Gaskiya ne kare na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa, irin su salmonela da kamfilobakta, kuma kashinsa na iya ƙunsar ƙwan tsutsar ciki. Amma ƙwayar cuta ba ta tsalle daga ƙasa ta faɗa cikin faranti, sai an yi mata hanya, hanyar kuwa hannu ce. Mai sabis ya shafa kan kare ya juya ya ɗauki kofi, ko a bar kare ya lashe farantin da za a mayar kicin, ko ya yi ba-haya a goge sama-sama. Duk abubuwa ne da sabulu da kwanon kare na daban da horar da ma'aikata ke magancewa. Cutar da ta fi ba da tsoro, wato haukan kare, ba ta cikin lissafi sosai a can. Tun 2007 aka bayyana cewa Amurka ta kawar da nau'in da ke yawo tsakanin karnuka, kuma dokar Teksas ta wajabta yi wa kowane kare rigakafi kafin ya wuce wata huɗu. A duniya kuwa cutar na kashe mutane kusan 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Saboda haka tsoron da ɗan Kano ko ɗan Maraɗi yake yi wa karen da bai sani ba ba ƙauyanci ba ne, yana da dalilinsa. Farfajiyar Frisco tana zaune ne a kan shekaru masu yawa na allurar da ba a fashi.

Cizo ya fi ƙwayar cuta zama barazana. Ana ƙiyasta cewa karnuka na cizon mutane kusan miliyan 4.5 a Amurka kowace shekara, kuma yara ne suka fi jin jiki. Ka haɗa kare da hayaniya da ƙamshin nama da wani karen da bai sani ba a tebur na kusa, sannan ga yaro ya rarrafo ya ja masa wutsiya. Karen da ake rantsuwa da haƙurinsa a gida yana iya zama wani abu daban a nan.

Tambaya mai wuyar ita ce ta zaman tare, kuma doka ba ta taɓa ta ba. Frisco ba garin mutane iri ɗaya ba ne. A ƙidayar 2020 kusan ɗaya cikin huɗu na mazauna garin 'yan asalin Asiya ne, da yawansu daga Indiya da Pakistan. Akwai babban wurin ibadar Hindu, akwai masallatai a Frisco da Plano masu cika maƙil ranar Juma'a. Mu nan Malikiyya muke bi, kuma a mazhabar kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne kawai. Amma a wurin Hanafawa, waɗanda su ne rinjaye cikin Musulmin Indiya da Pakistan, yawun kare najasa ne, Shafi'awa kuma sun fi tsanantawa. Mutumin da kare ya lasar wa ƙafar wando ana dab da Magariba ba ƙyama ce ke damunsa ba, sallarsa yake tunani. Ga mai alaji, wanda yawun kare da ɓurɓushin fatarsa ke tayar wa asma. Ga wanda aka taɓa ciza yana yaro. Duk waɗannan, idan mai kare ya yi murmushi ya ce musu "ai ba ya cizo, wasa yake so", bai amsa abin da ke ransu ba.

Shi ya sa nake ganin sanarwar nan ta bakin ƙofa ta fi sauran sharuɗɗan dokar amfani. Tana ba wanda ba ya so damar ya shige ciki ko ya nemi wani wuri tun kafin ya zauna. Illa dai farfajiyar ita ce wuri mafi daɗi a watannin bazara da kaka na can, kuma a aikace an bar wa masu karnuka ita.

Idan rigima ta tashi kuma, wa zai raba? Mai sabis. A Teksas doka ta yarda a biya ma'aikacin da ke samun tukuici dala 2.13 a awa, sauran abin da zai kai gida daga hannun masu cin abinci yake fitowa. Wannan yarinya ko saurayi ne ake so ya je ya gaya wa kwastoma ya sauke karensa daga kujera, alhali tukuicinsa na aljihun mutumin. Shi ne kuma zai ratsa tsakanin igiyoyi ɗauke da tire mai zafi. 'Yan majalisa sun rubuta sharuɗɗa, sun bar aiwatarwa a wuyan wanda ya fi kowa rauni a wurin.

Shi karen ma ba a tambaye shi ba. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma a Yuli da Agusta zafin yankin Dalas yakan kai digiri 38 ko ya haura. Kwalta da siminti sun fi iska zafi nesa ba kusa ba, suna ƙona tafin ƙafarsa. Nau'in da ya fi farin jini a Amurka tun 2022, ɗan guntun karen nan mai murtukakkiyar fuska da ake dangantawa da Faransa, yana kuma cikin masu saurin galabaita, domin hancinsa a matse yake. Ƙasan tebur ma cike yake da haɗari: albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, inabi da zabibi suna iya kashe ƙoda, cakulan da kofi guba ne gare shi, haka wani sinadarin zaƙi da ake sa wa cingam.

Zafin nan na Yuli da Agusta ne kuma ke haifar da wata matsalar. Idan farfajiya ta gagari zama, kowa ciki yake so, wurin sanyin na'ura, ciki kuwa kare iri ɗaya ne doka ta yarda kwastoma ya shiga da shi: wanda aka horar domin taimakon mai buƙata ta musamman, kamar ja-gorar makaho ko mai faɗakar da mai farfaɗiya. Dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990 ce ta ba su wannan dama, kuma ƙa'idojinta ba su haɗa da karen da ake riƙewa domin kwantar da hankali kawai ba. Tambaya biyu tak aka yarda ma'aikaci ya yi: shin ana buƙatar karen ne saboda wata naƙasa, kuma wane aiki aka horar da shi ya yi? Ba a neman takarda, ba a cewa karen ya gwada. An yi haka ne don kada a riƙa tozarta naƙasassu a bakin ƙofa, amma sai bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. Rigar da ake sa wa karnukan aiki ana sayar da ita a intanet ga duk mai kuɗi. Karen bogi ya shiga ya yi haushi, ya kai wa na gaske farmaki, gobe makaho ya zo da nasa a tsaya ana yi masa kallon zargi.

A 2023 majalisar Teksas ta ɗaga tarar wannan yaudara daga dala 300 zuwa dala 1,000, haɗe da awa 30 na aikin al'umma. Sai dai ba ɗan sanda ke tsaye a ƙofar gidan abinci ba. Mai sabis ne, da tambayoyinsa biyu, kuma duk wanda ya sayi rigar ya riga ya haddace amsarsu.