Mai Ban Dariya Idan Ya Koma Bayan Kamara

Ranar Alhamis, in kasuwar Maigatari ta cika ta batse, tun daga kara inda ake cinikin raƙuma da shanu har zuwa layin masu tsire, akwai mutumin da nake nema da ido duk lokacin da na biyo kawuna daga Gumel ina yaro. Ɗan kama ne. Ba shi da rumfa, ba shi da haja. Sai ya tsaya gaban mai fura, ya gyara murya kamar malamin da zai buɗe tafsiri, ya jawo wani Larabci na ƙarya, sannan ya fassara shi da natsuwa. Fassarar kuwa ba ta wuce tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Fatake daga Damagaram da Magarya su yi ta ƙyaƙyata dariya, mai fura ta cika masa ludayi, wani ya jefa masa 'yan canji. Da la'asar ta yi sanyi kowa ya kama hanyar garinsu, wasan ya watse tare da kasuwa.

Haka sana'ar ban dariya ta taso a ƙasar Hausa. A baki take. Ɗan kama, ɗan gambara, wawan sarki a fada, yaran da ke tashe cikin azumi, duk jarinsu harshe ne da saurin gane fuskar mai kallo. Ba wanda ya taɓa tambayar su takarda. Shi ya sa nake ganin tsallakawar da wasu suka yi, daga tsayawa a yi musu dariya zuwa zama su rubuta abin dariyar, su kuma umarci wasu su yi shi, ba ƙarin girma kawai ba ne. Sauya sana'a ne, ko da sunan bai canza ba.

Wanda ya fi nuna mana wannan a fili shi ne marigayi Usman Baba Pategi, wanda duk Arewa ta sani da Samanja Mazan Fama. An haife shi a 1942 a gidan sarautar Pategi, Banufe ne, Hausa ba harshen da ya tsotsa ba ce. Ya zo Kaduna, ya yi aiki a gidan rediyo, ya shiga soja a shekarun 1960. Daga bariki ya fito da abin da ya ciyar da shi har ƙarshen rayuwarsa, wato Hausar soja: Hausa ce da aka gutsuttsura, aka cuɗa da Turancin buroka, ake faɗin ta da tsawa kamar ana fareti. Sunan kansa muƙami ne na soja da Hausawa suka lanƙwasa ya dace da bakinsu. Da a ce iya kwaikwayon murya ya tsaya, da ya zama ɗaya daga cikin masu ba da dariya a wurin hira, waɗanda kowane gari ke da nasa. Shi kuwa sai ya gina wa muryar gida. Ya ƙirƙiro mata bariki, da mata, da ƙananan sojoji, da rigingimun albashi da bashi da kishi, yana tsara labarin, yana ba da umarni, yana kuma fitowa a ciki, daga Rediyon Kaduna har zuwa talabijin. Ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023, yana da shekara 81.

Zamaninsu zamani ne na gidajen gwamnati. Yusuf Ladan da Ƙasimu Yero a Kaduna, Karkuzu a Jos, Golobo a Sakkwato, 'yan wasan CTV a Kano, kowa yana da lokacin da aka yanka masa a mako, kuma lokacin ba ya jira. Wannan matsi shi ya koya wa masu barkwanci rubutu. Sai dai rubutun wancan lokaci sau da yawa ba kalma da kalma ba ne. Ƙashin labari ake zanawa: fitowa ta ɗaya, Samanja ya dawo gida ya tarar ba a ɗora tukunya ba, fitowa ta biyu, mai bin bashi ya yi sallama. Naman kuwa 'yan wasa ne ke sa shi da bakinsu. Mai tsarawa shi ya san inda za a faro da inda za a dire, shi ne kuma mai ɗaga hannu in wani ya ji daɗin bakinsa ya zarce.

Da finafinan bidiyo suka shigo, bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, sai kasuwa ta rabu biyu. Ga na soyayya masu waƙa da rawa, ga kuma waɗanda aka laƙaba wa suna camama. Sunan da raini a cikinsa: fim ne na kuɗi kaɗan, a ƙauye ake ɗaukarsa, cikin 'yan kwanaki an gama. Amma ku tambayi duk wanda ya taɓa riƙe gidan kallo a Gagarawa ko Sule Tankarkar, ko ya kasa kaset a Maigatari don mutanen ƙetaren iyaka, wane fim ne ke cika benci. Sarkin wannan fage shi ne Rabilu Musa Ɗan Ibro, ɗan Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa, wanda aka haifa a 1971, ya yi aikin gandiroba kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasa. Duk abin da duniya ke magana a kai sai ya ɗora masa jar hularsa: Ibro Usama, Ibro Saddam, Ibro Awilo, Ibro Ɗan Indiya. Ku lura da sunayen. Ba labari ake sayarwa ba, mutum ake sayarwa. Ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai ba ya tambayar wa ya rubuta, hoton da ke jikin kwali yake dubawa.

Ba na faɗin haka don rage masa daraja. A nawa ganin ba a yi mai saurin baki kamarsa a gaban kamara ba, kuma ɗan kaman Maigatari da zai gan shi da ya san ɗan'uwansa ne. Amma da ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, wani irin fim ya tafi tare da shi, domin babu takardar da za a miƙa wa wani a ce ga yadda ake yi. Bosho da Daushe da Naburaska sun ci gaba da ba mutane dariya, kowa da salonsa, amma gurbin Ibro ba a cike shi da sa jar hula.

To mene ne ainihin abin da mai ban dariya ke koya in ya koma rubutu da ba da umarni?

Na ga amsar da idona a bara, a wani lungu da ke bayan tashar mota a Gumel. Wani ƙanen abokina, wanda tun yana makarantar sakandare yake fitowa a wasan kwaikwayo a matsayin baƙauyen da ya shigo birni, yanzu ya tara yara biyar suna ɗaukar gajerun wasanni da waya suna ɗorawa a YouTube da TikTok. Ranar da na je, yana riƙe da littafin rubutu mai shafi arba'in, irin na 'yan firamare, duk ya sha gumi. Fitowar mai sauƙi ce: mai shayi yana bin wani bashi, shi kuma ya ɓuya a bayan buhun gawayi. Yaron da ke fitowa a mai cin bashin gwani ne, da ya buɗe baki sai mai riƙe da waya ya fashe da dariya, hoto ya girgiza. Sau huɗu ana sakewa. A na biyar komai ya tafi daidai, yaron ya ƙara wata magana tasa wadda ba ta cikin littafi, mu da ke gefe har da riƙe ciki. Sai mai littafi ya ce a sake, a cire ta.

Na ja shi gefe na ce, "Kai kuwa me ya sa? Ai nan ne wurin ya fi daɗi."

Ya ce, "Yaya, daɗin ne matsalar. In suka ƙare dariyarsu a nan, lokacin da buhun zai faɗi ba sauran abin da ya rage musu. Ni buhun nake tara wa."

Wannan ita ce sana'ar. Ɗan wasa dariyar yanzu yake nema, kuma yana jin ta a kunnensa nan take. Marubuci yana ajiye ta ne kamar mai adashi, ya hana a ɗauka yau don kwasar ta yi kauri. Zama yake shi kaɗai da biro, ba mai tafa masa, yana ƙiyasta dariyar mutanen da bai gani ba, a ranar da ba ta zo ba. Mafi wuya kuma, dole ya rubuta wa bakin da ba nasa ba. Maganar da za ta yi armashi a bakin mai in'ina ba za ta zauna a bakin mai zuba kamar kanya ba. Da yawa daga masu barkwancin da suka gwada rubutu nan suke faɗuwa: kowa a fim ɗin, da tsohuwa da ɗan sanda da liman, sai ka ji da muryar mai rubutun yake magana.

Ba da umarni kuma wani kaya ne daban. Darakta shi ke zaɓar inda kamara za ta tsaya, kuma a wasan dariya wannan rabin aikin ne. Faɗuwar mutum daga kan jaki, in an ɗauke ta daga nesa abin dariya ce, in an matso da kamara kan fuskarsa sai ta koma abin tausayi. Sau da yawa ma dariyar ba a fuskar mai magana take ba, tana fuskar wanda aka gaya wa. Sannan a ɗakin tace hoto, tare da edita, ana yanke daƙiƙa ɗaya ko a bar ta, a nan wasa ke rayuwa ko ya mutu. Ga kuma abin da ba a faɗa: kuɗin mota, abincin 'yan wasa, man janareto, mai gidan da aka ara ya dawo ya ce a fita, rana tana faɗuwa saura fitowa uku. Mutumin da jiya kowa ke tsokana, yau shi zai ɗaure fuska ya ce wa sa'o'insa su yi shiru. Kafin su yarda da gaske yake yi, sai ya sha wuya. Bahaushe yana son mai ba shi dariya, amma ba ya saurin ba shi shugabanci.

Akwai kuma hukuma. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma a 2008 Ibro kansa ya kwana gidan yari kan fim ɗin Ibro Aloko, shi da ya taɓa riƙe makullin irin wannan gida. Ɗan kama in ya yi suɓul da baka a kasuwa, iska ta ɗauke. Abin da aka rubuta aka ɗauka kuwa yana nan, ana iya kunna shi a gaban alƙali. Duk mai rubuta barkwanci a Arewa da wannan awo yake aiki: sarauta, malamai, ƙabilar wani, matan aure, kowanne da iyakar da za a taɓa shi.

Me ke sa su tsallaka duk da haka? Shekaru na ciki, domin jiki ba ya daɗe yana faɗuwa daga kan jaki. Amma babban dalili mallaka ce. Ɗan wasa sallamarsa ake yi a lokeshan, a ba shi na hannu ya tafi, fim ya yi ta kawo kuɗi ga wani. Charlie Chaplin ya gane haka da wuri: a 1914 ya fara fitowa a fim a Amurka, kafin shekarar ta ƙare ya fara ba da umarnin nasa, a 1919 kuma ya haɗu da wasu suka kafa kamfanin United Artists. A kudancin ƙasar nan Funke Akindele, wadda fim ɗin Jenifa ya fito da ita a 2008, ta koma rubutawa da ba da umarni, fim ɗinta A Tribe Called Judah na 2023 ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a sinima. Sai dai hanyar tana da rami. Moses Olaiya, wanda aka fi sani da Baba Sala, ya zuba dukiyarsa a fim ɗin Orun Mooru a 1982, masu satar fasaha suka kwafe shi, ya daɗe bai farfaɗo ba. Wanda ya mallaki riba shi ke mallakar asara.

A Kano abin ya zo ta wata fuska. Da kasuwar faifai ta mutu, aka koma shirye-shirye masu dogon zango a Arewa24 da YouTube, sai ya zama ba yadda za a yi a cika mako bayan mako da saurin baki kaɗai. Gidan Badamasi misali ne: tsoho mai dukiya da tarin 'ya'yan da idon kowannensu ke kan abin hannun uban. Nazir Adam Salih, marubucin littattafai, shi ya rubuta, Falalu A. Ɗorayi ya ba da umarni yana kuma fitowa a ciki, 'yan barkwanci irin su Naburaska suka shiga cikin labarin da aka riga aka gina musu. Camama ce ta sami takarda, kuma masu raina ta a da suna zaune gaban talabijin tare da iyalansu.

Yaron nan na bayan tasha bai kai can ba. Wayar ma ta aro ce, abin da YouTube ke ba shi bai wuce kuɗin data da shayin yaransa ba. Ranar dai sai da aka sake ɗaukar fitowar sau bakwai. Da buhun gawayin ya faɗi, mai cin bashi ya miƙe baƙi ƙirin yana yi wa mai shayi sallama kamar yanzu ya iso, wata tsohuwa da ke leƙe ta kan katanga ta yi dariya har da salati. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya ciro biro daga bayan kunne, ya ja layi a kan fitowa ta uku, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce a ɗauko benci a koma ƙofar gidan mai unguwa kafin a kira magariba.