Hutu Cikin Jirgin Ruwa: Wane Tsibiri Ya Dace Da Mutumin Abuja?

A zamanin da, wanda zai tafi Ingila karatu ko aikin gwamnati, Ikko yake gangarawa ya shiga jirgin ruwa. Mafi shahara cikin jiragen nan shi ne Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya soma zirga-zirga a 1951, yana yada zango a Las Palmas da Firitawun kafin ya iso Apapa, tafiyar wajen mako biyu. A 1974 aka tsai da shi, don jirgin sama ya ƙwace masa fasinja. To, yanzu shiga jirgin ruwa ya zama abin shaƙatawa, har wasu manyan ma'aikata da attajiran Abuja, garin da ruwansa bai wuce tafkin Jabi ba, sun soma tambayar wane tsibiri ya fi dacewa da hutu.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, manyan jiragen yawon nan ba daga Nijeriya suke tashi ba. Tilas mutum ya hau jirgin sama zuwa tashar da za su tashi, watau ke nan biza ce ke zaɓar masa tsibiri kafin idonsa ya zaɓa.

Tsibiran Karibiyan su ne suka fi suna, irin su Jamaika da Bahamas da Barbados. Amma da yawa daga jiragen da ke zaga su daga Miyami ta Amurka suke ɗaukar fasinja, ga shi kuwa a Yuli na 2025 Amurka ta rage wa'adin bizar baƙuncin 'yan Nijeriya zuwa wata uku, shiga ɗaya tak. Har wa yau daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne a can. Kuɗin jirgi kan sauka a watannin, sai dai araha ba ta ado, kyaftin na iya kauce wa tsibirin da mutum ya biya kuɗi dominsa.

Tsibiran Kanari, inda Aureol ke tsayawa, suna daura da Maroko, amma mallakar Sifen ne, saboda haka sai da bizar Turai. Ba zafi mai tsanani, ba sanyi mai tsanani, duk shekara. Amma ɗan Afirka ta Yamma da ya sauka can ba zai rasa jin wani abu a ransa ba. Nan ne kwalekwalen matasa masu neman shiga Turai ke dosa daga Senegal da Muritaniya, da yawa kuwa teku ta cinye su. A Nuwamba na 2022 ma an tsinci 'yan Nijeriya uku zaune bisa ƙarfen juya akalar wani jirgin dakon mai, sun yi kwana 11 a kansa daga Ikko zuwa Las Palmas.

Kudu da su akwai Kef Bade, tsibirai goma da suka sami mulkin kai daga Fotugal a 1975. Ƙasar tana cikin ƙungiyar ECOWAS, fasfon Nijeriya yana da daraja a can, sai dai jiragen da ke tsayawa Mindelo da Praia yawancinsu daga Turai ko Kanari suke fitowa.

Ga mai iyali Musulmi, gabas ta fi sauƙi. Daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe akan bi ta Addis Ababa a shiga tekun Indiya. Zanzibar, tsibirin kanumfari, kusan dukan mutanenta Musulmi ne. Masallaci ba ya wuya, abinci kuwa ba sai an yi ta tambaya ba. Tsohon birninta na dutse ya shiga jerin kayan tarihi na UNESCO a shekarar 2000. Sai dai a kiyayi Maris zuwa Mayu, lokacin ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jiragen kamfanin MSC kuma sukan tashi daga Durban ta Afirka ta Kudu zuwa Morishiyos da gaɓar Mozambik daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da hunturu da ƙura ke damun Abuja. Seshels kam, a 2023 ta tsananta wa masu fasfon Nijeriya shiga, don haka a bincika sosai kafin a biya ko kwabo.

Batun kuɗi shi ne babba. Da dala ake biya, dala kuwa ta haura naira 1,500 a 2024. Kuɗin da ake tallatawa na ɗaki ne da abinci kawai. Tukuicin ma'aikatan jirgi, da yawon cikin tsibiri, da intanet, duk daban ake lissafa su. Jirgin kuma sau da yawa da safe yake isa tsibiri, kafin magariba ya ɗaga, wanda ya makara a kasuwa kuwa ba a jiransa, sai ya nemi hanyar da zai tarar da shi a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa.