Idan Karen Gida Ya Ƙallafa Rai A Kan Ƙwallo

Yau za mu yi magana ne a kan wani al'amari da ke faruwa a gidajen da ake ajiye kare don gadi. Maigida ne ke kawo kare, amma da zarar ya fita wurin aiki, uwargida da yara su ne masu ba shi abinci da ruwa, su ne kuma masu shan wahalarsa idan halinsa ya ɓaci.

Abin yakan fara ne da wasa. Yara su jefa ƙwallo, kare ya ɗauko, kowa ya yi dariya. Bayan 'yan watanni sai a ga kare ba ya son komai sai ƙwallo. Ya ajiye ta a ƙafar mutum, ya ƙura mata ido, yana kuka yana rawar jiki. In an ɓoye ta sai ya yi ta haushi yana karce ƙofa, wani har abinci yakan ƙi. Irin wannan kare gadinsa ya raunana, domin hankalinsa yana wuri ɗaya. Abin tsoro kuma shi ne ƙaramin yaro ya shigo riƙe da ƙwallo, kare ya yi kansa ya ture shi, ko ya kama masa hannu.

Me ke kawo haka? Asalin kare mafarauci ne, duk abin da ya gudu sai ya ji yana son binsa. Turawa kuwa sun daɗe suna zaɓen karnukan da wannan hali ya fi ƙarfi a jikinsu suna haɗa su. Alsatian, wanda ake yawan ajiyewa don gadi, an kafa irinsa ne a Jamus a shekarar 1899 don kiwon tumaki. Border Collie na makiyayan kan iyakar Ingila da Sikotilan ne. Labrador kuma an raine shi don ɗauko tsuntsun da maharbi ya kayar. Duk karnukan aiki ne. In aka ɗaure irinsu a tsakar gida ba aiki, ƙwallo ita ce tunkiyarsu, ita ce tsuntsunsu. A shekarar 2025 wasu masana a Turai sun gwada karnuka 105 masu tsananin son abin wasa, suka tarar 33 daga cikinsu suna nuna hali mai kama da na wanda jaraba ta kama.

Yawan jifa ba ya maganin abin, ƙara shi yake yi. Jikin kare yana gajiya, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta yi wani aiki ba. Ga kuma lahani. Gudu da tsayawa farat ɗaya suna cin gaɓoɓi. Gashin ƙwallon tanis yana riƙe yashi, yana goge haƙora kamar dutsen wasa wuƙa. Ƙaramar ƙwallo tana iya maƙale wa babban kare a maƙogwaro. Kare kuma ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, saboda haka gudu da rana tsaka a lokacin bazara yana iya kashe shi.

Duk da haka son ƙwallo ba aibi ba ne in an san yadda za a juya shi. Masu horar da karnukan da ke shinshino ƙwayoyi da abubuwan fashewa a filayen jirgin sama irin wannan kare suke nema, domin zai yi aiki tuƙuru don a ba shi ƙwallonsa. A Amurka an yi wata karya mai suna Chaser, wadda wani malamin jami'a, John Pilley, ya koya wa sunayen kayan wasa 1,022, cikinsu har da ƙwallaye 116. In ya kira sunan abu sai ta shiga cikin tarin ta ɗauko shi. Wasa shi ne ladanta. Ta mutu a shekarar 2019. Watau ƙwaƙwalwar kare tana ɗaukar karatu fiye da yadda muke zato.

To, ga abin da uwargida za ta yi.

Na farko, ƙwallo ta daina kwana a tsakar gida. A adana ta inda kare ba ya gani. Ke za ki fara wasa, ke za ki tsayar. Minti biyar zuwa goma ya isa, da sassafe ko da yamma in rana ta yi sanyi. In an gama ki ce "ya isa", ki ɗauke ƙwallo. Zai yi kuka kwanakin farko. Lalle ne kowa a gidan ya daure, don in mutum ɗaya ya ji tausayi ya jefa masa, kare ya koyi cewa kuka yana biya.

Na biyu, ƙwallo ta zama lada. Kafin a jefa, sai ya zauna in an ce "zauna", ya jira in an ce "tsaya", ya saki in an ce "saki". Kalma ɗaya ake koyarwa a lokaci ɗaya, kamar yadda muke yi wa 'yan aji ɗaya, kuma kowa ya yi amfani da kalmar nan ba tare da canji ba. Wannan aiki ya dace da 'yan mata da suka tasa, bayan an tashi daga makaranta.

Na uku, a sa hancinsa aiki. Hancin kare yana da ƙwayoyin jin wari sama da miliyan 200, na mutum kuwa kimanin miliyan 6. Ki kife gwangwani uku, ki sa ɗan nama a ƙarƙashin ɗaya, ki bar shi ya gano. In ya ƙware, ki ɓoye ƙwallon kanta a bayan turmi ko cikin kwali ki ce "nemo". Wani lokaci ki watsa busasshen abincinsa a wuri mai tsabta ya tsinta, ko ki naɗe shi cikin tsohon buhu ya kwance. Shinshine-shinshine yana kwantar da kare, gudu kuwa tayar da shi yake yi.

Na huɗu, a riƙa fita da shi da igiya, a bar shi ya shinshina hanya yadda yake so. In an dawo a ƙyale shi a inuwa da ruwan sha. Babban kare yana barci wajen awa 12 zuwa 14 a kwana guda, kuma wanda bai sami barci ba yakan yi saurin fushi.

Akwai abubuwan kiyayewa. Kada a doke shi, duka tsoro yake koyarwa, kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo. Kada yaro ya ƙwace ƙwallo daga bakinsa, a ba shi ɗan abinci a yi musaya. Kada a yi masa wasa da hasken tocila, don yakan sa wasu su koma bin inuwa. In kin ga yana kewaya wutsiyarsa ko bin inuwa ba ji ba gani, a kai shi asibitin dabbobi. Wajen ba shi lada a guji ƙashin kaza dafaffe, da ragowar miya mai albasa, da cakulan, domin suna cutar da kare. A tabbata an yi masa allurar rigakafin haukar kare. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a garzaya asibiti. Yara kuma su wanke hannu duk lokacin da suka taɓa ƙwallonsa.

Addininmu ya yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma an ambaci horar da dabbobin farauta a cikin Suratul Ma'ida. Dabbar da muka ajiye tana da hakki a kanmu, kuma hakkin nan ya wuce tuwo da ruwa. Sabo ba ya fita rana ɗaya, sai an yi makonni ana bi a hankali. Mai ƙaramin kwikwiyo kuwa ta fara tun yanzu, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya sa mu dace, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili.