Gajiyar da ba ta bin lafiya

Kowace safiya, a ƙofar ma'aikatun Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, gaisuwa ɗaya ce. A ce wa ma'aikaci: "Ina gajiya?" Ya ce: "Babu gajiya." A ce: "Ina aiki?" Ya ce: "Da godiya." Amsa ce ta ladabi wadda aka gada kaka da kakanni. Amma akwai wata irin gajiya da wannan amsa take lulluɓewa, har ta cinye mai ita abokan aikinsa ba su sani ba.

Gajiyar manomi da ya wuni a gona sananna ce: ya ci tuwo, ya yi barci, da asuba ta bi lafiya. Wannan kuwa barci ba ya korar ta, hutun ƙarshen mako ba ya korar ta. A Faransanci ana kiran ta "épuisement professionnel", watau ƙarewar ƙarfin mutum a wurin aiki.

Yadda aka gano ta

A shekarar 1974, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger ya yi rubutu a kanta. Yana aiki ne a wani gidan magani na kyauta a birnin New York na Amurka, inda ake kula da masu shan ƙwaya. Ya lura masu aikin sa kai suna zuwa da himma da tausayi, amma bayan kamar shekara guda sai su koma masu saurin fushi, ba barci, ba sha'awar komi. Shi kansa abin bai bar shi ba. Kalmar da ya zaɓa tana nufin wutar da ta ci har ta mutu, kamar fitilar da kananzirinta ya ƙare.

A watan Mayu na 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta filla-filla cikin kundinta. Ba ta lissafa ta cikin cututtuka ba. Ta ce lamari ne da yake fitowa daga matsin aiki mai tsawo wanda ba a shawo kansa ba. Alamunta uku ne. Ta farko, ƙarfi ya ƙare. Ta biyu, zuciya ta nisanci aikin, mutum ya riƙa ganin ba shi da amfani. Ta uku, aikin da yake yi da kyau a da ya fara gagarar sa.

A dubi malamin asibiti a likitar ƙauye lokacin damina. Daga watan Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro yana tashi, ga yara masu tamowa, ga mata masu naƙuda. Shi ne mai awo, shi ne mai allura, shi ne mai cika takardu, kuma tsakar dare a buga masa ƙofa. In ya fara daka wa uwar yaro tsawa, sai a ce ba shi da hali. Sau da yawa wannan ita ce alama ta biyu. Haka abin yake ga mushen lakwal mai aji cike maƙil, da akawun da takardu suka binne a biro.

Dalilin shiru

Me ya sa mai wannan hali ba ya faɗi? Da farko tsoro ne. Wanda ya ce ya gaji, ana iya kiran sa rago, ko a tuna masa da ɗimbin masu neman aiki da ba su samu ba. Ɗan kwantaragi kuwa yana gudun kada maganar ta zama sanadin rasa abincinsa. Na biyu, nauyin dangi: albashi guda yana ciyar da gida biyu ko uku, kuma mai ɗauke da jama'a yana jin kunya a ga ya durƙusa. Na uku, da an ambaci damuwar rai sai wasu su kai zancen ga taɓin hankali. Saboda haka mutum yakan je likita ya ce kansa ke ciwo, ko cikinsa, a ba shi magani, tushen abin yana nan.

Shirun nan yana da tsada. A 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa mutum dubu 745 suka mutu a 2016 da ciwon zuciya ko shanyewar jiki, saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. A Faransa, kamfanin France Télécom ya shirya rage ma'aikata dubu 22 daga 2006, aka matsa wa mutane lamba domin su tafi da kansu. A 2008 da 2009, ma'aikata 35 suka kashe kansu. A watan Disamba na 2019, kotu a birnin Paris ta kama kamfanin da tsohon shugabansa Didier Lombard da laifin gallaza wa ma'aikata.

Ina magani?

Christina Maslach ta Jami'ar Kalifoniya, wadda ta daɗe tana binciken wannan al'amari, ta nuna cewa tushensa yana cikin tsarin aiki: nauyin da ya fi ƙarfi, rashin jin ta bakin ma'aikaci, rashin sakamako da yabo, rashin haɗin kai, rashin adalci, da tilasta wa mutum abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Ke nan cewa "ka yi haƙuri" kaɗai ba ta isa ba. Haƙuri hali ne na gari, amma bai hana a rage wa jaki kaya.

Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ƙayyade awa 40 a mako, ta kuma tanadi hutun shekara tare da albashi. Hutu haƙƙi ne, ba alfarma ba. Wajibi ne shugaban ma'aikata ya raba aiki da gadi bisa adalci, ya ga kowa ya tafi hutunsa. Shi ne kuma ya kamata ya fara buɗe maganar, domin na ƙasa ba zai fara ba. Ya kira mutum gefe, ya saurare shi, kada abin da ya ji ya zama makamin hukunci ko hirar biro. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma suna da bakin magana a nan.

Ma'aikacin da ya ga alamun nan uku a jikinsa ya gaya wa amininsa, ya gaya wa likita gaskiyar abin da ke damun sa. In baƙin ciki ya yi nauyi har rayuwa ta fita masa a rai, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba. Abokan aiki kuma, labarin zuciya a tambayi fuska. In wanda aka sani da fara'a ya koma shiru, bayan "babu gajiya" a dakata, a sake tambayar sa.