Alƙali Ɗaya, Ƙarti Talatin

Shirinmu na musamman a yau zai kai mu Ingila da Wales, amma ba manyan filayen da kuka saba gani a talabijin ba. Ƙananan filayen garuruwa za mu leƙa, inda duk ranar Asabar da rana malaman makaranta da manoma da magina ke cire kayan aiki su buga ƙwallon zari-ruga, ba don ko sisin kwabo ba.

Mutum goma sha biyar ne a kowane ɓangare, wasan kuma minti 80 ne. A tsakiyarsu akwai mutum guda riƙe da usur, shi ma ɗan sa-kai ne, sau da yawa kuɗin mai kawai ake ba shi. Ba shi da na'urar bidiyo. Masu riƙe tuta a gefen fili galibi 'yan kulob ɗin ne, kowa da nasa gwanin, aikinsu bai wuce nuna inda ƙwallo ta fita ba. To, yaya mutum ɗaya zai tanƙwara ƙarti talatin da suka zo don su kayar da juna?

Da baki yake yi, tun kafin a take wasa. Zai duba ƙusoshin takalma, ya yi magana da 'yan layin gaba, sannan ya kira kyaftin biyu. A al'adar wannan wasa kyaftin ne ke magana da alƙali, sauran kuwa sai dai su ce "ranka ya daɗe" irin tasu, su ja da baya. Abin yana da asali: a farkon wasan, a ƙarni na 19, babu alƙali sam, kyaftin biyu ne ke sasanta gardama. Yau idan ɗan wasa ya yi tsaki ko ya mayar da magana bayan an hukunta shi, alƙali zai matsar da wurin bugun mita 10 zuwa gidansu. Ba kati, ba dogon surutu. Abokan wasansa ne za su ja masa kunne, don su ne za su yi tattakin baya.

Idan laifi ya yawaita, alƙali ya kira kyaftin ya ce, "Je ka yi wa yaranka magana." In ba su ji ba, sai katin gargaɗi, wanda a nan yana nufin zaman minti 10 a waje. Naushi ko taka kan mutum kuwa jan kati ne, alƙali ya rubuta rahoto, kwamitin ladabtarwa na yankin ya zauna. Zagin alƙali ma bai da sauƙi ko ga manya. A wasan ƙarshe na gasar Ingila a 2013, alƙali Wayne Barnes ya kori kyaftin ɗin Northampton, Dylan Hartley, saboda zagi, aka dakatar da shi mako 11.

Amma kada mai sauraro ya ɗauka duk wannan ladabi ado ne. Maganar wuyan mutane ake. Akwai turereniyar da ake kira sikram, inda mutum takwas-takwas ke sunkuyawa su haɗa kafaɗu kamar raguna a wurin karo, nauyin duka ya sauka a wuyan mutum uku-uku na gaba. In ta rushe, ana iya karya ƙashin baya. A 1991 wani yaro ɗan shekara 17 ya shanye a wasan matasa a Ingila bayan sikram ya yi ta rushewa, kuma a 1996 kotu ta ɗora wa alƙalin wasan alhaki. A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da irin wannan hukunci kan wani wasan manya 'yan sa-kai a Wales, inda aka bar wanda bai ƙware ba ya shiga layin gaba. Shi ya sa yanzu, in ƙwararrun layin gaba ba su cika ba, alƙali ke hana turin baki ɗaya, ko da 'yan kallo za su yi ta ihu. Haka in ya ga alamar ɗan wasa ya bugu a ka, fita zai yi, ba ya dawowa a ranar.

Aikin ma ƙaruwa yake yi. A Janairun 2023 hukumar zari-rugar Ingila, RFU, ta sanar cewa a wasannin 'yan sa-kai daga ƙugu zuwa ƙasa kawai za a riƙa kama mutum. Kulob-kulob suka yi ca, hukumar ta nemi afuwa, aka koma kan ƙasan ƙashin ƙirji daga watan Yuli. A takarda abu ne mai sauƙi. A fili kuwa, cikin ruwan sama da taɓo, mutum biyu na gudu, ɗaya ya sunkuya, alƙalin nan ne zai auna da ido cikin ƙiftawa, shi kaɗai.

In an tashi, 'yan wasa kan yi layi biyu su tafa wa juna, su tafa wa alƙali. Daga nan kulob mai masauki ya ja shi ɗakin taro a ci abinci, wanda ya sha katin gargaɗi ɗazu ya matso kusa ya tambaye shi, "Wai tsakani da Allah, me na yi?"