"Borrow" da "Lend": Inda Turanci da Hausa Suka Raba Hanya

Da wuya ka shiga ajin sakandare a Kano ko Zariya ba ka ji ɗalibi ya ce wa na kusa da shi "borrow me your biro" ba. Wannan kuskure yana da tushe, kuma ya cancanci a tono shi.

Kalmomin biyu aikatau ne, lamarin da suke bayyanawa ɗaya ne: abu ya tashi daga wannan hannu zuwa wancan bisa sharaɗin zai dawo. Bambancin yana ga mai aikin. Mai karɓa shi ke yin "borrow", mai bayarwa shi ke yin "lend". A tsohon Turanci "borrow" ta samo asali daga "borg", wato jingina ko lamuni, ita kuwa "lend" dangin "loan" ce, kalmar bashi.

A nahawu ma tafiyarsu ba ɗaya ba ce. "Lend" tana ɗaukar karɓau biyu, mutumin da kuma abin: "Lend Audu the book", ko "Lend the book to Audu". "Borrow" karɓau ɗaya ta sani, wato abin da aka ara, mai abin kuwa sai ya biyo bayan "from": "I borrowed the book from Audu". Shi ya sa a kunnen Bature "borrow me" tamkar cewa aka yi a ari mutumin kansa. A shuɗaɗɗen lokaci ɗaya takan zama "borrowed", ɗayar "lent".

Hausa kuwa saiwa ɗaya take amfani da ita ga mai ba da mai karɓa: "ara mini keke", "na ari keke". Abin da ya dame ta shi ne irin kayan. Gatari, riga ko tabarma aro ake yi, domin su ɗin za a mayar. Kuɗi ko tiyar gero rance ne, madadinsu ake biya. Turanci bai raba waɗannan ba, da "borrow" ake karɓar gatari da kuɗi duka.

Ashe yaron nan ba rashin basira ke damunsa ba, tsarin harshensa ya ɗauko ya shimfiɗa wa Turanci. Kafin jarrabawar WAEC ko NECO ta riske shi, ya kamata malami ya fara daga "ara mini" da "na ari", ya nuna masa cewa Bature kowanne ya ba shi kalmarsa. Ɗalibin da aka gwada wa dalilin kuskurensa ya fi wanda aka yi wa jan biro kawai saurin gyaruwa.