Shin In Ci Babban Bashi Guda In Kashe Ƙananan?

Takardar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga Funtuwa, daga wani ma'aikacin gwamnati wanda ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce albashinsa Naira 150,000 ne a wata, ana kuma bin sa bashi a wuri biyar. Wata manhajar ba da rance ta wayar salula tana bin sa Naira 100,000, da ruwan kashi 10 cikin 100 kowane wata. Wani ƙaramin banki yana bin sa Naira 250,000, da ruwan kashi 4 cikin 100 a wata. Ƙungiyar gama kai ta wurin aikinsu tana bin sa Naira 150,000, ba ruwa. Sai mai shagon unguwa Naira 40,000 na kayan masarufi, sai surukinsa Naira 60,000. Jimla Naira 600,000 ke nan. Yanzu wani babban banki ya ce zai ba shi kuɗin a dunƙule ya sallami kowa, da ruwan kashi 30 cikin 100 a shekara, ya biya cikin shekara 3, watau wajen Naira 25,500 a wata. Shi ne yake tambaya, ya karɓa ko kada ya karɓa?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, don ba kai kaɗai take damu ba. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Amsarmu a taƙaice ita ce: kada ka karɓa yadda aka kawo maka shi. Akwai wanda ya cancanci a haɗa a cikin basussukan nan naka, akwai kuma wanda in ka haɗa shi ka cuci kanka. Ga dalili.

Da farko dai ka sani haɗa bashi ba biyan bashi ba ne. Ranar da bankin ya sallami mutanen nan biyar, ko kwabo bai ragu daga wuyanka ba, mai bin ka ne kawai ya sauya. Abin da zai nuna maka ko ka ci riba ko ka faɗi shi ne jimlar abin da zai fita daga aljihunka daga yau har ranar gamawa. Yawancin mutane kuwa abin da za a yanke a wata suke dubawa, a nan ne kuma ake kama su.

Bari mu yi lissafin tare. Naira 25,500 sau wata 36 ya kama wajen Naira 917,000. Ka cire uwar kuɗi Naira 600,000, ka ga ruwan da za ka biya ya kai wajen Naira 317,000, fiye da rabin abin da ka ranta, fiye kuma da albashinka na wata biyu. Da a ce wannan rance ɗin, da wannan ruwan, cikin shekara guda za ka biya shi, to da kowane wata za a yanke maka wajen Naira 58,500, amma ruwan gaba ɗaya bai wuce Naira 102,000 ba. Ka gani ke nan, sauƙin nan da kake hange na Naira 25,500 ba kyauta ba ne, tsawon lokaci aka sayar maka, farashinsa kuwa ya haura Naira 200,000.

Sa'an nan ka dubi su wane ne za ka sallama da kuɗin. Ƙungiyar gama kai, da mai shago, da surukinka, su ukun nan suna bin ka Naira 250,000, kuma babu mai karɓar ko sisin kwabo na ruwa a cikinsu. In ka zuba su cikin rancen banki, rabonsu na ruwan da muka lissafa zai kai wajen Naira 132,000. Watau ka ɗauki bashin da ba ya haihuwa ka mai da shi mai haihuwa. Mun san dai bashin suruki akwai nauyi, mutum yakan gwammace ya sha ruwan banki da ya riƙa sunkuyar da kai a wurin suna ko ɗaurin aure. Amma kunyar nan tana da magani mai araha. Ka je ka same shi ka gaya masa gaskiya, ka yanka masa abin da za ka riƙa kawowa duk wata, ka kuma cika. Mai bin bashi ya fi jin haushin wanda ke ɓuya a kan wanda ke kawo kaɗan kaɗan.

Waɗanda suka cancanci a haɗa su ne biyun farko. Ruwan kashi 10 cikin 100 a wata, in ka tara shi shekara, kashi 120 ne, ko ba a ɗora ruwa a kan ruwa ba. Na ƙaramin banki kuma kashi 48 ne a shekara. Duk wanda ya fitar da kai daga waɗannan ya kai ka kashi 30 ya rage maka kaya. Saboda haka ka koma wurin bankin ka ce Naira 350,000 kake so, kuma cikin wata 18. Da wannan ruwan za a riƙa yanke maka wajen Naira 24,400 a wata, ruwan duka kuma wajen Naira 89,000 ne. In ka ware kashi ɗaya cikin uku na albashinka don biyan bashi, watau Naira 50,000, za a bar ka da Naira 25,600 ta raba wa sauran ukun, cikin wata goma ka gama da su. Wannan ma'auni na kashi ɗaya cikin uku ba mu muka ƙago shi ba, dokar ƙwadago ta Najeriya ma shi ta sa iyakar abin da mai ɗaukar ma'aikaci zai yanke daga ladan wata guda. Ba mu ce watanni goman nan za su yi daɗi ba, za a ɗaure ciki.

Akwai wani abu da ya kamata kowane mai sauraro ya riƙe, ko ba ya cikin wannan hali. Hanya biyu ake lissafa ruwa. Wasu suna lissafawa a kan ragowar abin da ake bin ka, duk wata in ka biya sai ruwan ya ragu. Wasu kuwa a kan uwar kuɗin farko suke lissafawa har ranar ƙarshe, kamar ba ka taɓa biyan komai ba. Alal misali, ka ranci Naira 500,000 da ruwan kashi 3 cikin 100 a wata na shekara guda. Ta hanyar farko ruwanka wajen Naira 103,000 ne. Ta hanya ta biyu Naira 180,000 ne cif. Duka biyun kuwa "kashi uku" za a ce maka a baki. Kai Malam, adadin Naira 25,500 da aka faɗa maka ya nuna a kan ragowa aka lissafa, don da ta ɗaya hanyar ce da ya haura Naira 31,000. Amma ka tabbata haka aka rubuta a takarda.

Wannan bambanci ya shafi tsohon bashinka ma. In ƙaramin bankin nan a kan uwar kuɗi yake lissafi, ka tambaye su tun kafin ka sa hannu a ko'ina: in na kawo kuɗinku yau, nawa zan biya? Su rubuta maka. Akwai masu yafe ruwan watannin da suka rage, akwai masu cewa sai an biya duka ko an ɗora tara. In aka ce sai ka biya duka, to haɗa wannan bashin ba shi da amfani, ruwa biyu za ka biya a kan kuɗi ɗaya. Sai ka bar shi ya ƙare a inda yake, ka nemi abin da zai kashe na manhaja kawai.

Sabon rancen shi ma ba ruwa kaɗai ne a cikinsa ba. Akwai kuɗin hidima, sau da yawa kuma akwai na inshora, ana cire su tun kafin kuɗin su shigo hannunka. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020, ta ce kuɗin hidimar rance kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na uwar kuɗi, kuma sau ɗaya ake karɓa. Ka kuma duba ko an rubuta cewa banki na iya sauya ruwan in kasuwa ta sauya. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ma'aunin ruwa na Babban Banki yana kashi 11.5 ne a farkon 2022, ya yi ta hawa har ya kai 27.5 a watan Nuwamba na 2024, kafin a sassauta shi zuwa 27 a watan Satumba na 2025. Waɗanda suka ci rance mai sauyawa a 2022 sun ji a jikinsu.

Sai batun abin da za ka ba da a riƙe. Mai shago in ka makara, iyakacinsa ya hana ka sabon kaya ya yi maka fuska. Banki kuwa yakan nemi albashinka ya riƙa biyowa ta wurinsa, ya cire nasa kafin ka gani. Tun daga ranar 1 ga Agusta 2020 kuma akwai tsarin da ake kira GSI, wanda in ka sa hannu a kansa ka kuma kasa biya, bankin na iya bin lambarka ta BVN ya ɗebi kuɗinsa daga asusunka na wasu bankuna. Sunanka ma zai shiga kundin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, wanda sauran bankuna ke dubawa kafin su ba da rance. In kuwa aka ce ka kawo takardar fili ko ta gida jingina, ko ka kawo abokin aiki ya tsaya maka, to ka tsaya ka yi tunani sosai. Bashin shinkafa da kuɗin makaranta bai kai a jinginar da gida dominsa ba.

Da yawa daga cikin masu sauraronmu za su ce ai matsalar tun daga ruwan ne, tunda addini ya hana. Ga mai neman kauce masa, bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, galibi kaya suke saye su sayar maka da riba sananniya, ba tsabar kuɗi suke miƙawa a je a biya wani bashi ba. Ƙofar da ta fi kusa ita ce ƙungiyar gama kan nan taku. Ka tambaya ko za su ƙara maka abin da zai kashe na manhaja. Ko kuma in kana cikin adashi, ka roƙi a ba ka kwasar farko. Naira 100,000 ɗin nan ita ce ta fi ci maka tuwo a ƙwarya, Naira 10,000 take ci duk wata ba tare da uwar kuɗin ta motsa ba, kuma ita ce mafi sauƙin kashewa.

In masu manhajar suna tura wa mutanen da ke cikin wayarka saƙon tozarta ka, wannan ba ya cikin haƙƙinsu. Hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tun 2022 take sa ido a kan irin waɗannan kamfanoni, kana iya kai mata ƙara. Ka kuma yi hattara da masu cewa za su haɗa maka bashi amma sai ka fara turo kuɗin fom ko na rajista.

Idan har ka yanke shawarar karɓar Naira 350,000 ɗin, ka roƙi bankin ya tura kuɗin kai tsaye ga waɗanda ke bin ka, kada su kwana a asusunka. Kuɗi in suka kwana, da safe za ka ji an ce buhun masara ya ƙare, ko ga wani biki ya taso. Kowane wuri ka biya, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, ka adana ta. Sa'an nan ka goge manhajar daga wayarka a ranar, don da zarar ka biya za su fara aiko maka da saƙo cewa yanzu ka cancanci rancen da ya fi na da.